Na yi wa yarana lambun buhu, amma sun ƙi cin abin da ya fito

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni uwar yara uku ce, muna zaune a gidan haya a Gusau. Shekara 4 ke nan da muka baro ƙauyenmu saboda rashin tsaro, muka bar gona da ɗan lambunmu na bakin rafi. Babban ɗana shekararsa 12, mai bi masa mace ce 'yar shekara 8, sai auta ɗan shekara 4. Tun da muka dawo birni cin ganye ya zama rigima a gidana. Taliyar leda da shinkafa da mai kawai suke so. In na yi miyar alayyahu sai su tsince ganyen su tara a gefen kwano.

Wata maƙwabciyata ta ce in shuka a buhu in sa su aikin, wai in yaro ya shuka da hannunsa zai ci. A watan Maris na cika buhu shida, muka shuka alayyahu da rama da tumatir. Ta tsakiyar ta ɗauki abin da zafi, kullum sai ta ba su ruwa kafin ta tafi makaranta. Ranar da alayyahun ya isa, suna makaranta na tuge shi na yi miya, ina murna za su dawo su tarar. Da ta shigo ta ga buhu wayam sai ta fashe da kuka, ta ƙi cin abincin, kuma tun ranar ba ta sake kallon buhunan ba. Babban kuwa tun farko ya ce shi ba zai taɓa ƙasa ba, abokansa na kiransa ɗan ƙauye, har ya ce mini ganye abincin 'yan gudun hijira ne. Auta in an sa masa a baki sai ya tofar. Babansu ya ce shagwaɓa ce, ya kafa doka ba mai tashi sai ya cinye, har ya taɓa dukan babban a kan haka. Yanzu kuma yana cewa kuɗin ruwan da nake ba 'yan garuwa asara ce, tunda ko tumatirin bai yi ba. Gwaggo, in haƙura in zubar da buhunan ne, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Maman yara uku, Gusau

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gonarsa lafiya. Kada ki zubar da buhunan nan. In ruwa ya yi tsada ki rage yawansu, amma ki bar su.

Maƙwabciyarki ba ta faɗi ƙarya ba. A 2007 masu bincike na Jami'ar Saint Louis da ke Amurka sun tambayi iyaye kusan 1,600 a karkarar jihar Missouri yadda ƙananan yaransu ke cin abinci, suka tarar yaran da aka saba ba su abin da aka noma a gida sun fi sauran cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa nesa ba kusa ba. Sai dai gidan da ake shuka a ci, galibi iyayen ma suna ci, yara na kallo. Buhu shi kaɗai ba ya sa yaro cin ganye. Abin da ba a gaya miki ba shi ne, sai shukar ta zama ta yaron tun daga iri har cikin tukunya. Kuma yaranki uku ba dalili ɗaya ya hana su ci ba, don haka magani ɗaya ba zai yi musu ba.

Bari in fara da 'yar taki, domin kukanta ne abin da ya fi faranta mini rai a duk wasiƙarki. Yaron da bai damu da shuka ba ba ya kuka a kanta. Yarinyar nan ta yi wajen wata guda tana tashi da sassafe, tana duba ganye, tana ƙirga wanda ya fito jiya da wanda ya fito yau. Ke da kika girma a lambu, da kika ga alayyahu ya isa, miya kika gani, kuma da kyakkyawar niyya kika tuge shi. Ita kuwa ta dawo ta tarar an kwashe abin da take raino ba a ko tambaye ta ba. Ƙin cin miyar da ta yi fushi ne, ba ƙyamar alayyahu ba. Ƙin kallon buhunan kuma tsoro ne: in ta sake sa ranta, a sake yi mata haka.

Ki ba ta haƙuri. Na san a wajenmu ba a cika ganin uwa ta ba ɗa haƙuri ba, amma ba abin da zai rage miki na girma. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, kina yi mata kitso ko kuna tsintar shinkafa, ki ce, "Alayyahun nan naki ne, ya kamata in jira ki dawo. Ki yi haƙuri." Ki tsaya a nan, kada ki ɗora da wa'azin amfanin ganye. Bayan kwana biyu ki ware mata buhu ɗaya ko biyu, ta rubuta sunanta a jiki da gawayi. Ki je da ita wajen masu sayar da iri ta zaɓi abin da take so. Ki yi mata alkawari ba mai taɓa buhunta sai da izininta, ki kuma cika alkawarin ko da ranar ba ki da kuɗin cefane. Wannan ne wurin da zai yi miki wuya, kuma a nan ne za ta gane ko da gaske kike.

Sannan a daina tuge alayyahu. A yanka shi da wuƙa, a bar gindin kamar tsawon yatsa da ɗan ganye biyu ko uku, zai sake toho a yanka har sau biyu ko uku, buhu ba zai taɓa zama wayam ba. Ita za ta yanka, ta wanke, ta gyara, ta zuba a tukunya kina tsaye a kanta. Ita za ta kai wa babanta kwanonsa, ke kuma ki faɗa a gabansa cewa miyar yau daga lambun wance ta fito. Ta ɗaura ɗan dami ta kai wa maƙwabciyar da ta ba ku shawara. Yaron da ya ji manya suna santi a kan abin da ya noma, da wuya ya daɗe bai sa hannu a kwanon ba. In ranar farko ba ta ci ba, kada ki ce uffan.

Maganar babban ta fi nauyi, kuma ita ce ta fi damuna. Lokacin da kuka baro gida shekararsa 8. Ya san gona, ya san rafi, kuma na tabbata ya sha cin kwaɗon rama a ƙauye bai yi ƙorafi ba. Ba harshensa ne ya canja ba. Kalmar "abincin 'yan gudun hijira" ba shi ya ƙirƙiro ta ba, jifarsa aka yi da ita a makaranta ko a layi, ya ɗauko ta ya kawo gida ya jefi kwanon miya da ita, domin ba shi da wanda zai rama a kansa. Ɗan shekara 12 ya fi tsoron dariyar abokai a kan bulala. Yanzu ki duba halin da yake ciki: a waje ana yi masa dariya saboda ƙauye, a gida ana dukansa saboda ganye. Duk lokacin da aka tilasta masa, ƙara tabbatar masa ake yi cewa ganye da ƙasa wulaƙanci ne.

Ki ajiye maganar abinci gefe ki yi hira da shi. Ki tambaye shi su wane ne ke faɗa masa haka, me suke cewa, shi kuma me yake mayar musu. Ki tambaye shi abin da yake tunawa da garinku. Mai yiwuwa ganin buhunan nan yana tuna masa da abin da aka baro da yadda aka baro shi, kuma yara maza ba su cika faɗin irin wannan ba sai an tambaye su a hankali, wani lokaci sai an tambaya fiye da sau ɗaya. Ki gaya masa barin gida don tsira da rai ba abin kunya ba ne. Manzon Allah (SAW) ya bar Makka zuwa Madina. Shehu Usmanu da jama'arsa sun bar Degel zuwa Gudu a 1804. Kunya tana kan wanda ya kori mutane daga gonakinsu. In tsokanar ta yi yawa, babansa ya je ya ga malamin ajinsu, domin wannan ba abin da za a bar wa yaro shi kaɗai ba ne.

Game da lambun, kada ki ce sai ya taɓa ƙasa. Ki shigo masa ta ƙofar da ɗan shekarunsa ke so. Ki ba shi littafi ya zama mai lissafi: nawa aka sayi iri, jarka nawa aka zuba a mako, nawa ake sayar da damin alayyahu a kasuwa yau, nawa aka rage a kuɗin cefane. In an samu rara a sayar wa maƙwabta, a ba shi kasonsa a hannunsa. Ki roƙe shi ya haɗa muku abin ban ruwa, gorar roba da aka huda murfinta aka kife a gindin shuka ruwa na ɗiga a hankali, ko ya yi shinge da kara da tsohon gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru, waɗanda ke cinye ɗan tsiro tun bai yi ƙwari ba. Ki nemi taimakonsa kamar yadda ake neman na babban mutum. Da rani kuma babansa ya ɗauke shi su je su ga 'yan lambu na bakin gulbi, ya ga yadda ake lodin kaya ana ƙirga kuɗi. Ya ba shi labarin madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, da dubban magidanta da ke ci da iyalinsu daga noman rani a can, da kwalejin aikin gona ta Bakura inda ake zuwa a yi karatu a kan wannan ƙasar da yake gudu. Ko lambar motocin Zamfara ya duba, abin da aka rubuta a jiki shi ne noma abin alfaharinmu ne. Ban ce zai sauko a mako guda ba. Yana iya yin wata biyu yana kallon buhunan ta wutsiyar ido. Ki bar shi.

Auta kuwa ba shi da matsala. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara na gudun abincin da ba su saba da shi ba, kuma harshensu ya fi namu jin ɗaci. Masana cimar yara sun daɗe da nuna cewa yaro kan buƙaci ɗanɗana abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi, mu kuwa sau biyu ko uku muke gwadawa mu ce ba ya so. Ki daina sa masa a baki. Ki ɗiba masa ɗan kaɗan, kamar cokali guda, a gefen abincinsa, ya ci ko ya bari, gobe ki sake. Ki ba shi ƙwayar wake ya binne a gwangwani, cikin kwana uku ko huɗu zai ga ta fasa ƙasa, wannan ya ishe shi lambu a yanzu. Abu ɗaya dai, kada a bar bokiti ko baho da ruwa a buɗe inda yake wasa.

Sai maigida. Ba zan ce ya yi daidai ba, dukan yaro a kan abinci kuskure ne, kuma dokar "ba mai tashi sai ya cinye" tana sa yara su ƙara ƙin abin da aka tilasta musu, ko da sun haɗiye a ranar. Amma ki duba daga inda yake magana. Mutumin da ya saba buɗe rumbu ya ɗebo, yau yana awo da mudu yana sayen ruwa da jarka, in ya ga an tsince ganye an tara a gefen kwano zuciyarsa ce ke ƙuna. Ki same shi ku kaɗai, ba a gaban yara ba, ki fara da yarda cewa ɓarnar abinci ba ta da kyau, kuma za ki riƙa zuba musu kaɗan don kada a bar saura. Sannan ki tuna masa hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ki kuma tuna masa labarin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi hidima tun yana yaro. Wani tela ya gayyaci Annabi cin abinci, Anas ya ga yana bin yankan kabewa a gefen akushi yana ci, ya ce tun daga ranar bai daina son kabewa ba. Ba wanda ya ce wa Anas ya ci. Gani ya yi wanda yake ƙauna yana ci da marmari. Ki roƙi maigida ya ɗage dokar nan wata guda, ya riƙa cin abincin dare tare da yaran ko sau biyu a mako, ya ci ganyen a gabansu, ya nemi ƙari. Shi manomi ne, ya fi ni da ke sanin ƙasa. Ki ce ya duba muku buhunan ya faɗi abin da ya rage. Ina kyautata zaton hannunsa ma yana kewar aikin.

A kan kuɗin ruwa yana da gaskiya, domin kin fara a lokaci mafi wuya. Maris zuwa Mayu bazara ce, zafin Gusau kan kai maki 40, buhu na bushewa cikin yini, tumatir kuma in zafi ya yi yawa furensa zubewa yake yi ba ya ɗaura 'ya'ya. Ba hannunki ne ba shi da albarka ba. Tumatir da latas da karas da kabeji ki bar su sai sanyi ya shigo, daga wajen Oktoba ko Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ki shuka alayyahu, rama, yakuwa, lalo da kuɓewa, sama za ta yi miki ban ruwa, ke dai ki huda gindin buhu don kada ruwa ya kwanta. Alayyahu na fitowa cikin kwana uku zuwa biyar, a fara yanka bayan mako huɗu ko biyar, shi ya sa ya fi dacewa da yaro mai gajen haƙuri. Irinsa ƙanana ne, a gauraya shi da yashi kafin a watsa. Kuɓewa kan ɗauki wajen wata biyu, amma furenta da yadda ɗanta ke tsawo kullum na burge yara. Gindin albasar da kika yanke kina girki ma in kin dasa zai ba ki lawashi. In mai gidan hayar ya yarda, ki dasa zogale guda a kusurwa, in ya kai tsawon ƙugu a datse kansa don ya yi rassa hannun yara ya riƙa kaiwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk a tara a zuba wa shuka, ban da mai omo ko mai maiƙo. A rufe saman buhu da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe, a yi ban ruwa da sassafe ko da yamma.

Akwai abin da ba zan tsallake ba tunda Zamfara kike. Ki san inda kika ɗebo ƙasar da kike cika buhu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ƙurar na shiga ƙasa. Kada ki karɓi ƙasa daga duk inda ake niƙa ko wanke ma'adinai, ko inda ake fasa tsofaffin batura, ko garejin makanikai, ko bola. Buhun shinkafa ko na gari ya fi, ban da wanda aka zuba maganin feshi. Takin awaki ko na shanu ya zama wanda ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Fiya-fiya da duk maganin ƙwari na kanti kada su kusanci lambun da yara ke taɓawa. A cire tsutsa da hannu, a barbaɗa toka, ko a jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ya kwana a tace a yayyafa. Yara su wanke hannu da sabulu bayan aiki, ganyen da za a ci ɗanye kuma a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

A wajen girki, tunda taliya suke so, ki bi ta nan. A yanka alayyahu ƙanana a zuba cikin taliyar dab da saukewa, ko a soya shi da ƙwai. Kada ki ɓoye musu, ki faɗa yana ciki, domin yaron da ya gano an yaudare shi yakan fara bincikar kowane kwano. Kada ganye ya daɗe a wuta har ya yi baƙi, kuma a rage kanwa, tana kashe wasu sinadaransa. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da tumatir abinci ne mai kyau ƙwarai: man yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A, tumatir ko ɗan lemon tsami yana taimakawa wajen ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shayi kuwa yana rage shi, don haka a raba shayi da lokacin cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 na buƙatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama giram 400. Buhu shida ba za su ba ki wannan ba, kuma ba sai daga ganye kaɗai za a samu ba. Mangwaro, gwaiba, kankana, gwanda, kabewa a miyar taushe, duk suna cikin lissafi. In kin ga ɗaya daga cikinsu yana dundumi da magariba, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, wannan ba aikin lambu ba ne, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ki kuma ware buhu biyu su zama naki ke kaɗai. Ke ma an raba ki da lambunki, kuma ina jin haka a cikin wasiƙarki. Daga naki za ki riƙa ɗiban na miya duk lokacin da kika so ba tare da kin taɓa na kowa ba.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ki yi, ki ba yarinyar haƙuri, ki kuma yi magana da babansu. Sabuwar shuka ta jira sai ruwan sama ya zauna. In kin samu hira da babban, ki sake rubuto mini abin da ya gaya miki game da makaranta, domin ina so in san ko tsokanar ta tsaya a baki ko ta wuce haka. Allah ya shirya miki su, ya sa albarka a abin da kuka shuka.

Gwaggonku